Yadda ake kare ƙafafun shiga na IC daga boltej ɗin da ya fi ƙarfinsu

Akwai wani ɗan bod da na taɓa haɗawa, maikurokontirola ATmega328P, wato IC ɗin da ake rubuta wa kod, ce a tsakiyarsa tana karɓar sigina daga wata na'ura daban mai cin wutarta ita kaɗai. Na gama gwaji na zare wutar bod ɗina gaba ɗaya, sai na ga LED ɗin da ke kusurwa ya ƙi mutuwa, yana nan yana haske dishi-dishi. Na ɗauko mita na ɗora tsakanin VCC da GND, wato layin wuta da layin giraun, sai ga wajen 4V, alhali ba batir ba adafta, ba abin da ke jone da shi sai siririyar wayar sigina guda ɗaya da giraun. To ta ina wutar take shigowa? Ta ƙafar shiga take bi, ta ratsa cikin IC ɗin ta fito ta VCC ta kunna duk bod ɗin. Tun ranar nan duk ƙafar da zan jona da wani abu na waje sai na tambayi kaina abu biyu, me zai rage karent ɗin idan boltej ya wuce iyaka, sannan ragowar da ta shiga ina za ta bi ta fita. Duk abin da zan faɗa a ƙasa kan tambayoyin nan biyu yake zagayawa.

Bari mu fara da abin da ke cikin ƙafar, don in ba ka san shi ba duk kariyar da za ka saka ta lalube ce kawai. Kusan duk IC na CMOS, kama daga 74HC da CD4000 har zuwa maikurokontirola, a bayan kowace ƙafar shiga akwai ƙofar transista wadda aka raba ta da sauran jiki da wani fatari siriri ƙwarai, kaurinsa da nanomita ake auna shi. Boltej in ya yi yawa huda shi yake yi, kuma in ya hudu shi ke nan babu gyara. Saboda haka masu ƙerawa suka dasa dayod guda biyu a wurin, ɗaya daga ƙafar zuwa VCC, ɗaya daga GND zuwa ƙafar. Muddin siginar tana tsakanin GND da VCC dukansu biyu a rufe suke kamar babu su. Da zarar ta haura VCC da kamar rabin bolt na saman zai buɗe ya kwashe rarar ya zuba a layin VCC, in kuma ƙasa da sifili ta faɗa na ƙasan ne zai buɗe. Wannan na saman shi ne ya kunna min LED.

Kana iya ganinsu da idonka. Ka ɗauki 74HC00 wadda ba a jone take da komai ba, ka murɗa mita zuwa wajen gwajin dayod, jar waya a ƙafar shiga baƙa a VCC, za ka ga lamba wajen 0.6 ko 0.7. Ka mayar da ja kan GND baƙa kan ƙafar, za ka ga kwatankwacin haka.

Inda mutane ke shiga matsala shi ne su ji an ce akwai dayod a ciki sai su saki jiki. Dayod ɗin nan ƙanana ne, an yi su ne don tartsatsin wutar jiki na ɗan ƙiftawar ido lokacin da ake ɗaukar IC ana ajiyewa, ba don a ɗora musu 12V kai tsaye a tafi a bar su ba. In karent ya yi musu yawa ko dai su ƙone su haɗe ƙafar da VCC har abada, ko kuma abin da ya fi wannan muni ya faru, wato IC ɗin ta maƙale. Yadda ake gina CMOS akwai wani tsari mai hawa huɗu kamar tayrista da ke kwance a ɓoye tsakanin VCC da GND, ba da gangan aka saka shi ba, yanayin ginin ne ya haifar da shi, to karent ɗin da ya kutsa ta ƙafa yana iya tayar da shi, kuma in ya tashi sai ya zama gada tsakanin wuta da giraun, IC ta ɗau zafi nan take har ba ka iya ajiye yatsa a kanta, ko ka cire siginar da ta jawo abin ba zai saki ba sai ka kashe wutar gaba ɗaya. In safulai ɗinka mai ƙarfi ne kafin ka kai hannu ta riga ta tafi.

Don haka matakin farko ba siyan kaya ba ne, buɗe takardar bayanin IC ɗin ne ka nemi teburin da aka rubuta Absolute Maximum Ratings a samansa. Lamba biyu kake nema. Ta farko iyakar boltej a ƙafar shiga, a ATmega328P daga -0.5V ne zuwa VCC+0.5V, da yawa daga cikin masu aiki da 3.3V kuwa 0.3V kawai suka yarda ka ɗora a kan wutarsu. Ta biyu iyakar karent da dayod ɗin ciki zai ɗauka, 74HC ana rubuta mata 20mA, CD4000 10mA, maikurokontirolan STM32 da yawa 5mA a ƙafa ɗaya tare da wata iyakar ta jimilla. Wasu kamfanonin sam ba sa rubuta wannan lambar, in ka ga haka ka ɗauka 1mA ce iyakarka, ko ƙasa da haka ma. Kuma ka riƙe a ranka lambobin teburin nan bakin rami ne, ba wurin zama ba ne, ni ko 20mA aka rubuta ba na barin ya wuce 1mA ko 2mA in abin zai daɗe yana gudana.

Resista guda ɗaya

Kariya mafi sauƙi kuma wadda ta fi kowacce aiki ita ce resista a jere da ƙafar, tsakanin wayar da ta fito daga waje da IC. Wallahi da yawan IC ɗin da suka mutu a hannun masu koyo da resista ɗaya ta 10k ce a gabansu da yanzu suna nan da ransu. Lissafin ba wuya, ka ɗauki boltej mafi girma da kake tsoron zai iya zuwa, ka cire VCC, ka cire rabin bolt na dayod, ka raba da karent ɗin da ka yarda ya shiga. A ce IC tana kan 5V kuma akwai yiwuwar wani ya yi kuskure ya jona 12V, 12 a cire 5.5 saura 6.5V, a kan 10k ya ba ka 0.65mA, lafiya lau. In 24V ne 22k za ta ba ka kusan 0.84mA. Amma kada ka tsaya nan, ka sake lissafin a halin da bod ɗinka yake a kashe, lokacin VCC sifili ne, kenan 11.5V ne a kan 10k ɗin, 1.15mA. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, alhali na'urori biyu masu wuta daban-daban ba sa taɓa tashi a lokaci ɗaya, dole ɗaya ta riga ɗaya.

Me ya sa ba za a saka 1M kawai a huta ba? Dalili biyu. Ƙafar tana da ɗan yoyon karent, takardu da yawa suna ba da har 1µA, a kan 100k wannan 0.1V ne, a kan 1M kuwa bolt guda cur, ya isa ya sa IC ta karanta ƙarya. Sannan ƙafar da layin bod suna da ɗan kafasitans, ka ƙaddara 10pF, 10k sau 10pF nanosakan 100 kenan, ga maɓalli ko sensa mai tafiyar hawainiya wannan ba komai ba ne amma ka saka ta a kan layin agogon SPI, wato hanyar aika bayanai tsakanin IC da IC, mai gudun megahaz 8 sai siginar ta zama kamar tudun yashi, babu kusurwa ko ɗaya. Ga layuka masu sauri 33Ω zuwa 100Ω ake sakawa, a nemi kariyar ta wata hanyar. In kuma ƙafar ADC ce, wato mai auna boltej ta mayar da shi lamba, ATmega328P ta fi son abin da ke ciyar da ita kada ya wuce 10k, in dole sai ka wuce to ka ɗora kafasita 10nF ko 100nF daga ƙafar zuwa giraun ta riƙe mata.

Abu ɗaya kuma, ita kanta resistar tana da iyakar boltej ba wat kaɗai ba. Ƙananan nan na mannawa, 0603 yawanci 75V ne, 0805 kuma 150V. In kana tsoron bugu mai girma ka jera biyu ko uku maimakon ɗaya.

To yanzu ina karent ɗin ya tafi

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne wanda ma ya iya lissafin resista yake faɗawa. Ka rage karent zuwa 0.65mA, dayod ya zuba shi a layin VCC, madalla, amma wa zai shanye shi? Regileta, wato masu daidaita boltej ɗin layin VCC, irin su 7805 da AMS1117 bayarwa kawai suka iya, ba sa karɓa. In layin ya haura abin da aka saita su, rufe bakinsu suke yi su zura ido. Kenan abin da zai shanye karent ɗin nan sai kayan da ke kan bod. In bod ɗinka yana cin 30mA kullum ba matsala, regileta za ta rage abin da take bayarwa da 0.65mA a wuce wurin. Amma ka duba wannan halin, ƙafa takwas ne duk suna karɓar 12V ta 10k, jimilla 5.2mA, sai kuma kod ɗinka ya kwantar da maikurokontirola barci ta koma cin 'yan maikuro'am. Yanzu 5mA na shigowa babu mai sha, kafasitocin layin za su yi ta cika, 5V ta zama 6 ta zama 7 tana neman 11, ita kuwa ATmega328P 6V ce iyakarta, kuma ba ita kaɗai ba, duk wani abu da ke rataye a layin nan ya shiga haɗari, har wanda ko kusa da wayar waje bai je ba. Irin wannan matsalar ce take sa a ce bod yana aiki lafiya a tebur amma in aka bar shi ya kwana sai a tarar ya mutu.

Maganin shi ne ka ba wa rarar hanyar fita. Mafi sauƙi zena, wato dayod mai buɗewa ta baya in boltej ya kai lambarta, ta 5.6V daga VCC zuwa GND a layin 5V, tana zaune shiru sai layin ya fara hawa ta buɗe. In kana son iyaka mai kaifi, musamman a layin 3.3V inda tazarar ta yi kaɗan, akwai TL431, wata 'yar IC mai aiki kamar zena da ake iya saitawa, da resista biyu za ka saita ta ta buɗe a 3.5V misali, ta fi zena tsayawa kan magana nesa ba kusa ba. Wasu resista 1k kawai suke ratayawa a layin 5V ta riƙa shan 5mA kullum, yana aiki, amma in da batir kake ɓarna ce. Hanya ta uku ita ce kada ma ka bari rarar ta je VCC, ka zubar da ita giraun tun daga bakin ƙofa, zan zo kan wannan.

Shi kuma kunnuwar bod ta ƙafar sigina, irin wanda ya faru da ni, ba wai LED mai haske kawai ba ne illarsa. Maikurokontirola tana iya tsayawa a rabin wuta, ba ta mutu ba ba ta tashi ba, in ka dawo da wutar gaske sai ta ƙi yin riset yadda ya kamata don a wurinta wutar ba ta taɓa ɗaukewa ba. Na ga an canza IC sau biyu a kan wannan alhali lafiyarta ƙalau.

In ba ka son dayod ɗin ciki ya ɗauki nauyin, sai ka kawo na waje su tare masa, kuma a nan dayod ɗin da ake kira shotki ake so ba na gama-gari irin 1N4148 ba. Dalili shi ne 1N4148 silikon ce kamar ta ciki, kusan lokaci ɗaya za su buɗe, ba ka da tabbacin wacce za ta kwashi kaso mafi yawa. Shotki kuwa tana riga buɗewa, BAT54 ba ta wuce 0.24V a 0.1mA, 0.32V a 1mA, 0.4V a 10mA, kenan kafin ta ciki ta farka an riga an kwashe. BAT54S ita ce daidai wannan aikin, dayod biyu ne a jere cikin gida ɗaya mai ƙafa uku, ƙafa ta 1 giraun, ta 2 VCC, ta 3 sigina. Ka kula da harafin ƙarshe, BAT54A da BAT54C kamanninsu ɗaya amma haɗin cikinsu daban, in ka saka su a gurbin S ba kariyar da ka yi. Yadda nake jerawa shi ne waya daga waje, resista babba kamar 10k, mahaɗar shotki, sai wata ƙaramar resista 470Ω ko 1k, sannan ƙafar IC. Ƙaramar nan ta biyu ita ke tabbatar da cewa ko bugu ya yi ƙarfi har shotki ta kai 0.8V, abin da zai isa ga dayod ɗin ciki ɗan kaɗan ne. Aibin shotki yoyo, kuma yoyon yana ƙaruwa sosai da zafi, in ma'auni mai laushi kake yi ta resista manya zai karkatar maka da karatu, a irin wannan wurin BAV199 ta fi, silikon ce mai ƙarancin yoyo, sai dai ka dogara da resista ta biyun. Kuma kada ka manta shotki ma a VCC take zubarwa, maganar da muka yi a sama tana nan daram.

Zena a bakin ƙafa kuwa, wato resista sannan zena zuwa giraun, amfaninta shi ne ba ta taɓa layin VCC. Amma ina da ƙorafi a kanta. Zena ƙasa da 5V ba ta da kaifi, lambar da aka rubuta a jikinta a karent ɗin gwaji ne, galibi 5mA ga ƙanana, tun kafin a kai can ta fara yoyo. Na taɓa auna zena 3.3V a bayan 10k da sigina 5V, abin da na gani wajen 2.5V ne, ga maikurokontirola ESP32 da take son kashi 75 cikin ɗari na 3.3V kafin ta yarda an ce ɗaya, wato kusan 2.48V, ka ga ana kan gaɓa kenan, yau ta karanta gobe ta ƙi. Ga ta da kafasitans mai yawa, tana kashe sauri. Sannan in bod a kashe yake zena ba ta hana komai, tana riƙe da 3V ɗinta alhali iyakar ƙafar a lokacin rabin bolt ce, don haka resistar da ke tsakaninta da IC ba ta zama zaɓi ba. A layin 5V da zena 4.7V ko 5.1V abin ya fi kyau.

Duk wannan maganar kariya ce daga kuskure ko bugu. In kuwa ka san siginar kullum a sama take, kamar ƙafar Echo ta sensar auna nisa HC-SR04 mai fitar da 5V kana son kai ta ESP32 ko Raspberry Pi waɗanda 3.3V ne, to kada ka mayar da dayod ma'aikacin kullum, ka rage boltej ɗin da resista biyu. 1k a sama 2k a ƙasa ya ba ka 3.33V, an gama. Sai dai ka yi lissafin da boltej mafi girma ba da sunan da ake kiransa ba. Wutar mota sunanta 12V amma inji na tashi tana kai 14.4V. In ka saka 27k da 10k, a 12V za ka samu 3.24V ka ji daɗi, a 14.4V kuwa 3.89V ne, ka wuce 3.6V da ESP32 ke iya jurewa. 33k da 10k ta fi, 2.79V a 12, 3.35V a 14.4, ko batir ya sauka 11V kana da 2.56V. Kuma a mota dole ka ƙara TVS a gaba, wato dayod ɗin da aka gina don shanye bugun wuta mai girma, don in kan batir ya kwance alhali altaneta na caji wutar tana iya tsalle ta haura 80V na wani yanki na daƙiƙa.

Wata hanyar mai tsafta ita ce ka sa IC ɗin da aka gina ta don ta jure. Dangin 74LVC da 74AHC ba su da wancan dayod ɗin zuwa VCC, kana ba su 3.3V su karɓi har 5.5V a ƙafar shiga, kuma ba su rage sauri, 74LVC245 guda ɗaya ta ishe ka layi takwas. 74HC4050 tana karɓar har 15V a shiga. A STM32 ka duba teburin ƙafafu, masu alamar FT suna jure 5V, sauran ba sa jurewa, kuma ko mai FT ɗin sai ka kashe resistar ja-sama ta ciki in za ka wuce wutar IC ɗin. Abin lura, rashin dayod ɗin sama yana nufin babu mai kwashe rara, in 12V ta faɗo kan ƙafar 74LVC resista kaɗai ba za ta cece ta ba don babu inda karent zai bi balle boltej ya faɗi a kanta, nan sai ka kawo zena ko TVS. Haka ƙafar RESET ta ATmega328P take, an cire mata dayod ɗin sama saboda ana shigar da 12V ta nan wajen wani nau'in furogiramin, shi ya sa in ka ja ta da doguwar waya zuwa maɓalli take yawan kawo rigima. Ga layukan I2C kuma, waɗanda bayanai ke tafiya gaba da baya a kan waya ɗaya, MOSFET ɗin BSS138 da resista biyu a kowane layi shi ne abin da kowa ke yi.

Waya in ta fita daga akwati

Da zarar sigina ta bar bod ta bi kebul ko ta je inda hannun mutum ke taɓawa, lissafi ya canza. 2kV ɗin da kake gani a takardar IC gwajin jikin mutum ne na masana'anta, kafasita 100pF ta resista 1.5k. Gwajin da ake wa na'urar da aka gama, IEC 61000-4-2, 150pF ne ta 330Ω kacal, a mataki na huɗu 8kV in an taɓa, 15kV ta iska, karent ɗin yana kai 30A cikin abin da bai wuce nanosakan ɗaya ba. Wannan aikin TVS ne. Amma ka karanta lambobinta da kyau, SMAJ5.0A misali, 5V shi ne inda take zaune ba ta taɓa komai, sai a 6.4V take fara buɗewa, in bugu ya kai maƙura kuma 9.2V take bari. Kenan ita kaɗai ba ta kare ƙafar da iyakarta 5.5V ba, aikinta ta sauko da dubbai zuwa ƙasa da goma, resistar da ke bayanta da dayod su ƙarasa. Jerin shi ne soket, TVS, resista, shotki in akwai, kafasita, ƙafa. Ga layuka masu sauri kamar USB akwai masu ƙarancin kafasitans irin USBLC6-2, kada ka ɗora SMAJ a can.

Wurin da ka dasa ta ya kai zaɓenta muhimmanci. Layin tagulla a bod yana da wajen 1nH a kowace milimita, in ka bar santimita ɗaya tsakanin TVS da giraun 10nH kenan, ka ninka da 30A a nanosakan ɗaya sai ga 300V a kan ɗan guntun layin nan kaɗai. Don haka a bakin soket take zama, ƙafarta ta giraun gajeriya mai faɗi kai tsaye cikin shimfiɗar giraun, kuma layin sigina ya bi ta kan ƙafarta kafin ya wuce, ba a yi mata reshe a gefe ba.

Ga maɓalli ko suwic mai doguwar waya ina ƙara 100nF bayan 10k, milisakan ɗaya kenan, yana haɗiye ƙananan tsalle-tsalle har da karkarwar maɓallin. Sai dai sigina mai hawa a hankali ba ta yi wa ƙofar lojik ta gama-gari daɗi, tana sa ta rawa a tsakiya tana cin wuta, ka bi da ita ta 74HC14 mai shimit tiriga, wato tsarin da ke mayar da sigina mai jan jiki ta zama mai kaifi, in ƙafar da za ta karɓa ba ta da shi a ciki. Sannan in rile ko mota ce a kusa take haifar da bugun, ka kashe shi daga tushe da 1N4007 a kan koyil ɗin. Ƙafafun shiga da ba ka amfani da su kuma kada ka bar su a sake, ka ɗaure su sama ko ƙasa.

In wutar can ɓangaren 24V ce ta injinan masana'anta, ko kebul ɗin ya yi nisa har giraun ɗin can da na nan ba lallai su daidaita ba, ni ba na wahalar da kaina, oftokofla nake sakawa, wadda ke ƙetarar da sigina da haske ba tare da haɗin waya ba. PC817 da resista 4.7k a 24V tana ba LED ɗin ciki kusan 5mA, resistar tana cin wajen 0.11W don haka rubu'in wat ta isa, ka juya 1N4148 a kan LED ɗin saboda 6V kawai yake jurewa ta baya, a ɗaya gefen kuma 10k zuwa VCC. Siginar za ta fito a juye, ka gyara a kod. Amma fa kada ka haɗe giraun ɗin ɓangarorin biyu, in ka haɗe ka rushe katangar da ka gina. PC817 ba ta da sauri, in bayanai ne masu gudu 6N137 ake nema.

In ka gama haɗawa ka gwada tun kafin duniya ta gwada maka. Ka samu safulai mai iyakance karent ka saita shi kamar 20mA, mita ɗaya a ƙafar IC ɗaya a layin VCC, ka riƙa ɗaga boltej ɗin shiga sannu a hankali har zuwa mafi munin da ka yi lissafi da shi. Ƙafar kada ta wuce iyakar takarda, layin VCC kuma kada ya motsa. Ka maimaita da IC tana barci, ka maimaita da duk ƙafafun shiga a sama lokaci ɗaya, ka maimaita da bod a kashe, sannan ka juya wayoyin safulai ka ba shi ta baya ka ga dayod ɗin ƙasa ya riƙe a wajen -0.3V in shotki ka saka. In ADC kake amfani da ita ka sa ido kan karatun sauran tashoshin lokacin da kake matsa wa ɗaya, karent ɗin da ke kutsawa ta ƙafa guda yakan gurɓata na maƙwabtanta, in ka ga suna motsi to dayod ɗin ciki yana aiki kenan, sai ka ƙara girman resistar farko ko ka kawo shotki ta waje.